Wane Ne Gwani Na Gwanaye a Makaɗan Zamanin Barok?



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau wata tsohuwar gardama ce wadda ta daɗe tana raba kan masu sha'awar tsohon kiɗan Turai, watau irin kiɗan nan da mutum ɗaya yake zama ya tsara, ya rubuta shi a takarda da alamomi, wasu kuma su karanta su kaɗa ko bayan ya yi shekara ɗari uku a kabari. Gardamar ita ce: a cikin masu tsara kiɗa na zamanin da ake kira Barok, wa ya fi? Irin wannan musu ba baƙo ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya taɓa zama inda ake ja-in-ja a kan Narambaɗa da Shata ya san yadda ake tashi baram-baram, kowa na ganin ɗan'uwansa ba shi da kunne. Abin da yake sa a tashi haka shi ne kowa ya zo da mudunsa a ɓoye, ba a kuma fito da mudun an duba ba kafin a fara awo. To, mu a yau mudun za mu fara dubawa, sa'an nan mu faɗi wanda muka zaɓa, ba tare da kewaye-kewaye ba.

Zamanin da Mutanensa

Masana tarihin kiɗa suna kiran shekarun da ke tsakanin wajen 1600 zuwa 1750 da suna zamanin Barok. Galibi ana danganta kalmar da wata kalmar Fotugal mai nufin lu'ulu'un da ya fito a karkace, kuma da farko zagi ce, ana nufin abin da ado ya yi wa yawa har ya ɓata shi. A wannan zamani ne aka haifi ofera, watau wasan kwaikwayon da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe, kuma tsohuwar ofera da har yanzu ake yawan yi ita ce Orfeo ta Claudio Monteverdi, wadda aka fara nunawa a Mantua ta ƙasar Italiya a 1607. Zamanin ya tara gwanaye da yawa, kamar su Lully da Rameau a Faransa, da Corelli a Roma, da Purcell a Ingila wanda ya rasu a 1695 yana da shekara 36 kacal, da Domenico Scarlatti wanda ya bar gajerun kiɗe-kiɗe 555 na hafsikod, wani kayan kiɗa mai allon dannawa da ya riga piyano. Amma idan gardama ta yi zafi, a kan mutum huɗu take tsayawa.

Na farko shi ne Johann Sebastian Bach, wanda aka haifa a garin Eisenach na ƙasar Jamus a 1685. Gidansu gidan makaɗa ne kaka da kakanni, ya zama maraya kafin ya cika shekara goma, ya tashi a hannun wansa. Rayuwarsa duka ya yi ta ne yana ma'aikaci, yau a ƙarƙashin majami'a, gobe a fadar wani ƙaramin sarki, daga bisani a ƙarƙashin majalisar birnin Leipzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750. Na biyu shi ne George Frideric Handel, wanda shi ma aka haife shi a 1685, a garin Halle, tazarar da ba ta kai kilomita 200 ba daga mahaifar Bach. Shi kuwa ya yi yawon duniya, ya zauna a Italiya daga 1706 zuwa 1710, ya tare a Landan a 1712, ya zama ɗan ƙasar Ingila a 1727, ya rasu a can a 1759. Abin mamaki, waɗannan tsararraki biyu ba su taɓa haɗuwa ba, ko da yake Bach ya nemi ganin Handel a 1719 ya tarar ya riga ya tashi. Na uku shi ne Antonio Vivaldi, mutumin Benis, limamin Katolika mai jan gashi, wanda aka haifa a 1678, ya kuma shafe shekaru yana koya wa 'yan mata marayu gogen Turawa a wani gidan marayu da ake kira Pietà. Na huɗu shi ne Georg Philipp Telemann, wanda ya rayu daga 1681 zuwa 1767, ya kuma shugabanci kiɗan manyan majami'un Hamburg tun daga 1721.

Mudu na Farko: Shahara a Idon Tsararraki

Idan muka ce babba shi ne wanda mutanen zamaninsa suka ɗauka babba, to Bach ya faɗi tun ba a je ko'ina ba. Alal misali, a 1722 shugaban mawaƙan majami'ar Thomas ta Leipzig ya rasu, majalisar birni ta shiga neman magaji. Wanda ta fara zaɓa Telemann ne, shi kuwa ya yi amfani da tayin ya sa Hamburg ta ƙara masa albashi, ya zauna abinsa. Sai majalisa ta juya ga wani mai suna Christoph Graupner, ubangidansa ya hana shi tafiya. Bayan waɗannan biyu sun kuɓuce ne aka ba Bach aikin. Tsararrakinsa sun yarda babu kamarsa wajen kaɗa ogan, babban kayan kiɗan nan na majami'a mai bututu da ake hura wa iska, amma a matsayin mai tsara kiɗa wasu na ganin ya cika tsauri. A 1737 wani marubuci mai suna Scheibe ya soke shi a rubuce, ya ce kiɗansa ya cunkushe, gwaninta ta yi masa yawa har ta rufe daɗinsa.

Handel kuwa tun yana da rai, a 1738, aka kafa mutum-mutuminsa a lambun Vauxhall na Landan. Da ya rasu aka binne shi a Westminster Abbey inda ake binne sarakuna a wancan zamani, mutane wajen 3,000 suka halarta, ya kuma bar dukiya ta kusan fam 20,000. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa aka buga littafin tarihin rayuwarsa. Bach kuwa an binne shi ba tare da dutsen shaida a kan kabarinsa ba, matarsa Anna Magdalena ta rasu a 1760 tana karɓar taimakon da birni ke ba matalauta. Da wannan mudu, Handel ne a gaba, Telemann na biye.

Muna roƙon 'yan'uwa ma'aikata su tsaya a kan wannan labari na Leipzig, domin da yawa daga cikinku wata rana za ku zauna a kwamitin ɗaukar aiki. 'Yan majalisar nan ba wawaye ba ne. Sun zaɓi wanda ya fi suna, wanda ya yi jami'a, wanda kowa ke yabo, kuma da hujjojin da ke gabansu a ranar da wuya a ce sun yi kuskure. Duk da haka, in ba don wannan neman aiki ba, da mutane kaɗan ne a yau za su san sunan Graupner.

Mudu na Biyu: Yawan Aiki

Wasu kan ce a ƙirga. In haka ne, Telemann ya cinye, domin ayyukansa sun haura 3,000, na Bach da suka iso gare mu kuwa sun ɗan wuce 1,000. Vivaldi ya bar kwancato wajen 500, watau kiɗan da makaɗi ɗaya ko 'yan kaɗan ke yin gaba sauran ƙungiya na mara musu baya. Handel ya tsara ofera sama da 40, kuma shahararren aikinsa Messiah, wanda ke ɗaukar fiye da awa biyu ana rerawa, cikin kwana 24 ya rubuta shi a 1741. Amma wannan mudu bai da ƙarfi, domin Corelli tarin kiɗa shida kawai aka buga masa, kuma da su ya zama malamin Turai duka a fannin goge. Bugu da ƙari, yawan aiki a wancan zamani tilas ce ta neman abinci. Majami'a na bukatar sabon kiɗa kowace Lahadi, fada na bukatar nata a kowane biki, mai tsara kiɗa kuwa bara ne mai albashi. Da Bach ya matsa sai an sallame shi daga fadar Weimar a 1717, ubangidansa kulle shi ya yi kusan wata guda. Saboda gaggawa kusan dukansu sukan ɗauko tsohon aikinsu su sake masa riga, Handel ma har na wasu yakan ɗauko ya gyara, kuma zamanin bai ɗauki wannan sata ba yadda mu za mu ɗauka a yau.

Mudu na Uku: Wa Ya Share Hanya?

A nan ne magoya bayan Vivaldi suke samun bakin magana. Akwai wata zolaya da ake dangantawa da Stravinsky, wai Vivaldi kwancato ɗaya ya rubuta ya yi ta maimaita shi sau ɗaruruwa. Amma masu wannan zolaya sun manta cewa tsarin da suke cewa ya maimaita, shi ne ya zaunar da shi da gindinsa. Kwancato irin nasa kashi uku ne, na farko mai sauri, na tsakiya a hankali, na ƙarshe mai sauri. A kashin mai sauri ƙungiya duka tana da wani karin da take dawowa gare shi lokaci lokaci, tamkar 'yan amshi, a tsakani kuma mai goge ya fita shi kaɗai ya nuna bajinta, sa'an nan amshi ya dawo ya tare shi. Da aka buga tarin kwancatonsa goma sha biyu a Amsterdam a 1711, makaɗan Turai suka yi ta kwaikwayo. Bach da kansa, yana saurayi a Weimar wajen 1713, ya zauna ya kwafi da dama daga cikinsu ya mayar da su na ogan da na hafsikod, kuma bayan haka ne kiɗansa ya sami tsari da ƙarfin tafiya irin na Italiyawa. Ashe ke nan wanda ake cewa ya fi kowa ya yi karatu a gaban Vivaldi, ko da yake ba su taɓa ganin juna ba.

Idan kuwa share hanya ce abin dubawa, to Monteverdi ma yana da haƙƙi, haka kuma Rameau, wanda littafinsa na 1722 ya shimfiɗa ka'idojin haɗa sauti da har yanzu ake koyarwa. Bach bai ƙirƙiro wani sabon nau'in kiɗa ba. Abin da ya tarar shi ya ɗauka, daga Italiya da Faransa da magabatansa na Jamus, ya kai shi iyaka.

Mudu na Huɗu: Abin da Aiki Ya Ƙunsa

Domin a fahimci dalilin da ya sa mafi yawan masana ke fifita Bach, sai mun yi bayanin abin da ake kira fuga. Murya ɗaya takan fara da ɗan gajeren kari. Tana cikin tafiya sai ta biyu ta shigo da wannan kari a wani matakin sauti, ta farko kuwa ba ta tsaya ba, ta ci gaba da wani abu dabam. Haka ta uku za ta shigo, haka ta huɗu. Kowace murya in ka saurare ta ita kaɗai waƙa ce cikakkiya, in ka haɗa su kuma babu wadda ta taka wata. Aikin ya yi kama da na masaƙi, zare kowane da launinsa da hanyarsa, amma zane ɗaya ake samu. A 1722 Bach ya haɗa littafi mai fuga 24, kowace da share-fagenta, ɗaya a kowane mabuɗin sauti da ke akwai, bayan wajen shekara ashirin ya sake yin wasu 24. A 1747 Sarki Frederick na Prussia ya ba shi wani kari mai wuya a fadarsa ta Potsdam, nan take ya saƙa fuga mai murya uku a kansa, da ya koma gida kuma ya aiko da mai murya shida a rubuce.

Da lissafi ne kawai, da ba mu tsaya a kansa ba. Abin da ke ba da mamaki shi ne wannan saƙa mai tsauri ita ce kuma ke ɗauke da baƙin ciki da natsuwa, kamar yadda duk wanda ya saurari babban aikinsa na 1727 a kan wahalar Almasihu bisa ruwayar Matta zai shaida, ko da kuwa bai ji Jamusanci ba. Shaidar gwanayen da suka biyo baya ma tana nan. Beethoven da littafin fugar nan ya koyi kiɗa yana yaro. Mozart ya ji wata waƙar Bach a Leipzig a 1789 ya nemi a ba shi takardun ya duba. Chopin ya tafi da littafin tsibirin Majorca a 1838.

Sai dai adalci ya sa mu faɗa cewa Beethoven ɗin nan da bakinsa Handel ya kira mafi girman masu tsara kiɗa, kuma yana da hujja. Handel ya san murya, ya san dandali, ya san yadda ake girgiza taron dubban mutane da sauti kaɗan. Inda Bach zai saƙa zare shida, Handel zai kafa ginshiƙi ɗaya a daidai wurin da ya dace. Waƙar da ya tsara don naɗin Sarki George na Biyu a 1727 ba a sake naɗa wani sarkin Ingila ba tare da ita ba, har naɗin Sarki Charles na Uku a 2023. Sauƙin da ke ratsa zuciyar jama'a shi ma gwaninta ne, kuma ba kowane mai zurfi ke iya shi ba.

Wanda Ya Adana Takarda

Akwai wani al'amari da masu gardama kan tsallake. Girman da muke gani a yau ya ratso ta hannun mutanen da suka adana takardu, da waɗanda suka tono su. Vivaldi ya rasu a Biyana a 1741 cikin talauci, aka manta da shi kusan shekara ɗari biyu. Sai a 1926 aka gano tarin rubuce-rubucensa a wata makarantar 'yan mishan a arewacin Italiya, ɗakin karatu na ƙasa da ke Turin ya mallaki kashi ɗaya a 1927, sauran a 1930. Kiɗansa na yanayin shekara huɗu, wanda aka buga tun 1725, wanda kuma a yau da wuya a sami kiɗan Barok da ya fi shi shiga kunnen jama'a, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗu ta hanyar faifai. Shi ma Bach, ayyukansa kaɗan ne aka buga yana da rai. Bayan rasuwarsa aka raba takardunsa tsakanin magada, wasu suka adana, wasu suka sayar. Waƙoƙin majami'a da ake kira kantata wajen 200 ne suka tsira, ana kuma ƙiyasin cewa da yawa sun salwanta. Kwancato shida da ya aika wa wani basarake na Brandenburg a 1721 sai a 1850 aka buga su. Wanda ya dawo da shi idon jama'a shi ne Felix Mendelssohn, saurayi ɗan shekara 20, da ya jagoranci rera aikin nan na ruwayar Matta a Balin a 1829. Daga nan aka kafa ƙungiyar buga dukan ayyukansa a 1850, aikin da ya ci rabin ƙarni. Ya kamata kuma mu san cewa kishin ƙasa na Jamusawa a ƙarni na 19 ya taimaka wajen ɗaukaka shi, kamar yadda Ingilishi suka riƙe Handel tamkar nasu. Wanda ya sami magada masu kula, shi tarihi ke ji.

Haka nan girman aiki bai wanke mai aikin ba. Handel ya ba da kuɗin da aka samu a farkon rera Messiah a Dublin a 1742 ga asibitoci da fursunonin bashi, ya kuma riƙa tara wa gidan marayu na Landan kuɗi da ita daga 1750. Wannan Handel ɗin dai ya sayi hannun jari a kamfanin South Sea, wanda tun 1713 yake da kwangilar kai bayi daga Afirka zuwa yankunan da Sifen ke mulki a nahiyar Amurka. Mu da muke zaune a nahiyar da aka kwashi mutanen, ba za mu karanta wannan mu wuce kamar ba mu gani ba, kuma ba za mu ce don haka kiɗan ya daina daɗi ba. Duka biyu gaskiya ne, sai mu riƙe su tare.

Matsayinmu

To, jama'a, mun yi alkawarin ba za mu ɓoye zaɓinmu ba. Mu Bach muka zaɓa, kuma mudunmu shi ne wannan: wane aiki ne in ka koma masa sau ɗari za ka tarar da abin da ba ka ji ba a baya, kuma wane ne gwanayen da suka biyo baya suka fi zama a gabansa don koyo? Da wannan mudu ba mu ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Waɗanda suka shirya faifan zinariya da aka liƙa wa kumbon Voyager a 1977 sun sa kiɗansa har uku, fiye da na kowane mai tsara kiɗa. Amma wanda ya ce mudunsa shi ne iya magana da taron jama'a, ya zaɓi Handel, ba mu da ta cewa. Wanda ya ce nasa shi ne share hanya, ya zaɓi Vivaldi ko Monteverdi, shi ma ya tsaya a kan hujja. Wanda ba za mu saurara wa ba shi ne mai cewa Bach ya fi kowa don ya ji Turawa na faɗa, alhali bai taɓa zama ya saurari fuga ɗaya ta ƙare ba. Wannan hali na haddace hukuncin wasu shi ne ke bin ɗalibi daga aji har ofis, ya zama mai sa hannu a kan abin da bai karanta ba.

A 1705 Bach yana ɗan shekara 20 ya taka da ƙafa wajen kilomita 400 daga Arnstadt zuwa Lübeck don ya ji tsohon gwanin ogan Buxtehude da kunnensa. Hutun mako huɗu ya nema, ya yi kusan wata huɗu, ya dawo ya sha tuhuma a gaban shugabanninsa. Mu ba a ce mu taka ko'ina ba, kiɗan na cikin wayoyin da ke aljihunmu. Shawararmu ita ce kafin zama na gaba kowa ya saurari abu uku: kashin hunturu na kiɗan yanayin shekara na Vivaldi, da waƙar naɗin sarauta ta Handel, da kwancato na biyar cikin na Brandenburg. Kowane a ji shi sau biyu, a natse, sa'an nan a zo da mudu a hannu mu ci gaba da musu.

Shugaba, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.